Gidan Winchester da labarin fatalwa: abin da na gani da idona

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne fatalwa ce ta sa wata mata ta yi ta gini har ta mutu a gidan nan na San Jose da ke Kalifoniya. Na taɓa shiga gidan, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Sunanta Sarah Winchester. 'Yarta ta rasu tana jaririya a 1866, mijinta, magajin kamfanin ƙera bindigogin Winchester, tarin fuka ya kashe shi a 1881. Ta gaji dukiya mai yawa, ta sayi gidan gona a 1886, ta yi shekaru tana ƙara masa ɗakuna, ta rasu a 1922. Yanzu akwai ɗaki wajen 160. Abin da ake yaɗawa shi ne wai wata mai duba ce ta ce mata kurwar waɗanda bindigar ta kashe na bin ta, in ta daina gini za ta mutu.

Gidan kam yana da ban tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Akwai matakalar da ke hawa har ta tokare da rufi, akwai ƙofar bene da in kin buɗe kika taka sai dai ki faɗo ƙasa. Da muka shiga ɗakin da aka ce girgizar ƙasa ta 1906 ta rutsa da ita a ciki, bango a tsattsage yadda aka bar shi, tsikar jikina ta tashi. Har labarin wani ma'aikaci mai tura baro da ake cewa ana gani a ƙarƙashin gidan aka ba mu. Ni dai ban ga kowa ba.

Amma wannan girgizar ita ce ta warware mini yawancin abin. Kafin ta, ginin ya kai hawa 7. Da saman ya rushe ba ta sake tayar da shi ba, sai ta sa aka toshe wuraren da suka lalace, shi ya sa wasu matakalu da ƙofofi ba sa kaiwa ko'ina. Su kuma ƙananan matakalun nan masu lanƙwashe-lanƙwashe da ake cewa don a rikita fatalwa aka yi su, matar tana fama da amosanin gaɓɓai ne, ɗaga ƙafa wahala yake mata. Da na hau su na ji tausayinta sosai.

Mary Jo Ignoffo, wadda ta binciki rayuwarta, ba ta sami shaidar zuwa wurin mai duba ba, kuma wasiƙun Sarah sun nuna takan sallami magina su huta na wani lokaci. Gidan ma a 1923 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, bayan ba ta da bakin kare kanta. Abin da ya fi min ciwo, dukiyar da ta bayar aka gina asibitin masu tarin fuka a Connecticut don tunawa da mijinta, ba kasafai ake ambatonta ba.