Sabon Ma'aikaci da Dokokin Ofis da Ba a Rubuta Su Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na kama aiki a wani ofishin gwamnatin tarayya a Kaduna, a matakin albashi na 8. Ina zuwa a kan lokaci, ina gama aikina, amma sai na ji ana cewa wai ina da girman kai. Kwanaki na kai wa darakta wata shawara kai tsaye, tun daga ranar shugaban sashenmu ya daina sakar mini fuska. An ce in shiga adashe, ga karɓar gudummawar biki da suna ba ƙaƙƙautawa. Wani abokin aiki kuma ya roƙe ni in riƙa sa masa hannu a littafin zuwa aiki idan ya makara. Wanne zan bi, wanne zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya wa aikin albarka. Duk abubuwan nan da ka lissafa, a bakin mutanen ofis amsarsu ɗaya ce: "haka ake yi a nan." Amma ba jinsi ɗaya ba ne. Yawancinsu haƙƙin zaman tare ne, ka riƙe su hannu bibbiyu. Ɗaya daga ciki kuwa yana iya raba ka da aikin tun ba a tabbatar da kai ba.

Zancen girman kai kusan kullum daga gaisuwa yake farawa. Mai digiri yana shigowa aiki a mataki na 8, ya tarar da dattawan da suka yi shekara ashirin ko fiye suna mataki na 4 ko na 5: masinja, direba, ma'aikacin rajista (wato sashen ajiye fayiloli). A takarda kana gaba da su, a shekaru wasunsu sun haife ka, kuma suna lura da wanne ka ɗauka da muhimmanci. Idan ka shigo da safe waya a kunne, ka ɗaga wa mai gadi hannu ka wuce, ka zauna ka buɗe kwamfuta, kai a ganinka ka kama aiki da wuri, su kuwa sun riga sun yanke maka hukunci. Ka tsaya ka gaisa sosai, ka tambayi iyali, ka tambayi mai jiki idan ka ji an ce akwai maras lafiya. Ka saurari yadda ake kiran kowa ka bi sahu: wannan Baba ne, wancan Malam, waccan Hajiya, wata Madam, babba kuma yallaɓai ko ranka ya daɗe. In za ka aiki dattijo, kada ka ce "kai wannan rajista." Ka ce, "Baba, don Allah idan za ka bi ta rajista, a taimaka mini da wannan." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ina nanata wannan ne saboda mutanen nan sun cancanci girmamawar, sannan su ne suka san ofishin ciki da bai. Masinja ya san teburin da kowane fayil ya kwana, ya san ranar da darakta ke sauraron mutane da ranar da gara ka dawo gobe. Fayil ɗinka na kanka, mai ɗauke da takardar ɗaukarka aiki da ta hutu da ta ƙarin girma, a rajista yake zaune. Kuma tunda Kaduna kake, ofishinku ya tara ƙabilu da addinai. Idan ana zaman aiki da wanda ba ya jin Hausa, a yi harshen da kowa zai fahimta. Ka san lokutan ibadar kowa ka mutunta, kada kuma ka riga mace ko babba miƙa hannu.

Batun darakta ya fi nauyi, domin a nan al'ada da doka sun haɗu. A aikin gwamnati takarda hawa take yi daki-daki: daga kai zuwa shugaban sashe, daga shi zuwa na gaba, kowa ya yi ɗan rubutunsa a fayil ya sa hannu da kwanan wata. Ka duba abin da ya faru ta idon shugabanka. Darakta ya kira shi ya ce, "Yaronka ya kawo mini magana kaza, me ka gani?" shi kuwa bai taɓa jin ta ba. Ya ji kunya a gaban nasa shugaban, kuma dole ya yi tunanin ko dai ka raina shi, ko kana neman hanyar sama ta bayan idonsa. Ko shawarar zinariya ce, ba ita zai tuna ba.

Gyaran ba wuya, amma kada ka bari ya daɗe. Ka same shi a ofishinsa shi kaɗai, ban da saƙon waya, ban da gaban jama'a. Ka ce, "Yallaɓai, na yi kuskure da na wuce ka, rashin sanin tsari ne, a yi haƙuri a ci gaba da ɗora ni a hanya." Kada ka tsaya bayanin kyawun shawarar. Idan ka ga fushin ya yi zurfi, ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya raka ka. Ka tuna a ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya sabon ma'aikaci yakan yi shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma rahoton shugabansa na kusa yana cikin abin da ake dubawa. Nan gaba idan darakta da kansa ya kira ka, ka je, amma kana fitowa ka biya ka shaida wa shugabanka abin da aka ce. Idan kuma tsoronka kada a ɗauki shawararka a ce ta wani ce, ka rubuta ta a fayil ta bi ta hannunsa. Sunanka da kwanan wata suna nan, ba mai goge su.

Adashe ba dole ba ne. Ka ce sai ka ga kamun ludayin albashinka tukuna, babu mai hankalin da zai riƙe ka da wannan. In za ka shiga, ka san wa ke riƙe kuɗin, ka tambaya ko an taɓa samun wanda ya kwasa ya daina zubi. Idan ofishinku na da ƙungiyar adashin gata mai rajista da littafin lissafi, ta fi kwanciyar hankali. Gudummawa kuwa ka ba da abin da ƙarfinka ya kai, kada kunya ta sa ka ci bashi. Abin da mutane ba sa mantawa shi ne ƙafa: wanda ya je jana'iza, wanda ya shiga motar ofis aka je ta'aziyya, wanda ya leƙa asibiti. Biki kana iya aika saƙo, amma rasuwa ka je da kanka.

Sa hannu a madadin wani kuma, a'a. Littafin zuwa aiki takardar hukuma ce, kuma shigar da ƙarya a takardun hukuma yana cikin manyan laifuffuka a Dokokin Aikin Gwamnati, irin waɗanda hukuncinsu kan kai ga kora. Ranar da masu bincike suka zo ba zato suka ƙirga kawuna, rubutun hannunka ne a gaban sunansa, kuma takardar tuhuma kai za a miƙa wa. Shi an tabbatar da shi, yana da mutanensa. Kai fa? Ka ƙi cikin ladabi, ba wa'azi: "Wallahi ka san har yanzu ina gwaji, ba zan iya ba, amma in an tambaya zan ce ka kira kana hanya," idan da gaske ya kira. Zai ɓata rai na 'yan kwanaki, ya wuce.

Wannan roƙon ƙarami ne, amma da irinsa ake gwada sabon ma'aikaci, shi ya sa nake so ka shirya wa na gaba. Wata rana za a ajiye maka ambulan a ce kasonka ne daga ɗan kwangila, ko a ce ka sa hannu a takardar alawus na tafiyar da ba ka yi ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Abin da ya yarda da shi kyautar 'yan'uwa da abokai ce, gwargwadon yadda al'ada ta sani. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 ita ma ba ta ware ƙaramin ma'aikaci ba. Ma'aunin da nake ba matasa shi ne: duk al'adar da kuɗinta lokacinka ne ko ladabinka, ka biya. Wadda ke neman sa hannunka ko shirunka a kan kuɗi, ka tambayi kanka ko za ka iya maimaita ta a rubuce a gaban kwamiti.

Haka nan ka tsare bakinka. Kowane ofis da ɓangarorinsa, kuma wanda ya fara jawo ka jiki yana ba ka labarin aibin kowa, yawanci mayaƙi yake nema. Ka saurara, kada ka tofa. Kada ka ɗauki hoton takardar ofis ka tura a WhatsApp ko da wasa. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta.

Ka nemi kwafin Dokokin Aikin Gwamnati ka karanta babin ladabtarwa da na hutu, don ka iya bambance doka da abin da aka saba kawai. Ka ajiye kwafin kowace takarda da ta shafe ka a gida. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya da ya daɗe a wurin, wanda ka lura ba a jin sunansa a rigima, ka riƙa tambayarsa kafin ka yi abin da ba ka taɓa yi ba: wa ake fara kai wa takarda, da wane launin biro ake rubutu a fayil, wa ake sanarwa kafin a fita ranar Juma'a.