Amsar Baffanka kan maganar mai masauki da taswirar waya

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun jiya bayan la'asar, ban amsa ba ne sabida ina so in zauna in rubuto maka a tsanake, maganar ba ta layi biyu bace. Kace babanka ya kafe sai an nema maka mai masauki a Guangzhou ta ƙasar Chaina kafin ka tashi, kuma sai ka rubuta adireshi a takarda ka sa a aljihu, kai kuma kana ganin wannan al'adar mutanen da ce tunda wayarka na da taswira duk inda ka nufa zata kai ka har bakin ƙofa, shine kake tambaya ko dole ne ko kuwa sabo ne kawai irin na manya. Naji daɗi da ka tambaya baka yi gaban kanka ba, Allah yayi maka albarka.

Bari in fara maka daga inda abin ya samo asali dan ka san ba babanka ne ya ƙirƙiro ba. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro, daga Kano har Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, tafiya ce ta watanni da jakuna, kuma ba wanda ke riƙe da taswira a cikinsu. Ayari yana da madugu shine shugaba, yana da jagaba wanda ya san hanya ya san inda ruwa yake da inda za'a yada zango, to wannan jagaban shine taswirarsu. Amma ka lura, in sun isa garin aikin jagaba ya ƙare, sai su faɗa hannun fatoma, wato mai gidan da ke saukar da fatake, shi zai basu ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, yayi musu tafinta, in rigima ta taso shi za'a kira ya tsaya musu, shi kuma ya samu la'adarsa. Haka zangon Kumasi ya ginu, haka Sabo ta Ibadan, haka Agege a Legas. Alhazanmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan su ma hannu zuwa hannu aka dinga miƙa su, wannan gari ya haɗa ka da wani a gari na gaba. Kaga kenan tun asali aiki biyu ne daban, akwai mai nuna hanya akwai kuma mai tsaya maka. Wayarka ta gaji jagaba, na yarda, har ta fi shi ma a wasu wurare, amma ba ta gaji fatoma ba, in ka kwana biyu baka dawo ɗaki ba waya ba zata fita nemanka ba.

Ni zuwana Guangzhou na farko 2004 ne, lokacin jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin layi biyu ne kacal, ko tashar Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka saba sauka, babu, sai ƙarshen 2009 aka buɗe layi na 5 da ya ratsa ta nan. Taswirar takarda na saya, irin mai ninki-ninki, rubutun Chaina a sama na Turanci a ƙasa. Kwana na uku na fita ni kaɗai duba yadi, na shiga wannan kasuwa na fita ta waccan ƙofa, kafin in ankara magariba ta yi kuma duk gine-ginen sun zama iri ɗaya a idona. Na tare tasi na faɗa masa sunan otal da bakina bai gane ba, na rubuta masa da haruffanmu ya girgiza kai, haka na biyu, haka na uku, kuma ba wulaƙanci bane wallahi, sunan da otal ke da shi a Turanci daban wanda mutanen gari suka sani da yarensu daban. Abinda ya cece ni wani ɗan kati ne da mai masaukina ya ɗauko a teburin otal ɗin ya tura min a aljihun riga tun ranar da na sauka yace kar in kuskura in rabu da shi, na ma manta da shi sai da na laluba neman kuɗi. Direba na kallon katin ya buɗe min ƙofa. Da na isa na tarar da bawan Allahn nan tsaye a bakin titi ya bar shagonsa ya aika yara biyu nemana, har yau in na tuna fuskarsa a wannan daren sai in yi masa addu'a. Shi yasa in akace baƙo makaho ne ko da idonsa biyu ni bana musu.

Yanzu maganar wayar, dan nima ina amfani da ita kar ka ɗauka ina hana ka. Abu na farko da ya kamata ka sani Google a toshe yake a Chaina, haka WhatsApp da Facebook, in ka sa layin can ko ka hau intanet ɗin otal ba zasu buɗe ba. Ko ka samu Google Maps ya buɗe ma kar ka dogara da shi, bayanansa na can sun tsufa, sannan dokar ƙasar ta sa taswirorinsu suna kan wani lissafi nasu daban, sai kaga ɗigon da ke nuna inda kake ya kauce da mita ɗaruruwa, a garin da lungu ɗaya ke raba ka da kasuwar da kake nema wannan ba ƙaramin abu bane. Abinda mutanen gari ke amfani da shi Amap ne, su suna ce masa Gaode, da kuma Baidu, in iPhone gare ka taswirar Apple tana aiki lafiya. Ka sauke su tun kana Kano tare da WeChat na aika saƙo da Alipay na biyan kuɗi da DiDi na kiran mota, kar ka bari sai ka sauka a filin jirgin Baiyun kana gajiye sannan ka fara kokawa da su. Layinka na gida in ka buɗe masa romin WhatsApp zai yi aiki amma yana cin kuɗi sosai, ka ajiye shi dan kiran innarka. Kuma ka tuna sun riga mu da awa 7, kar ka tashe ta ƙarfe ukun dare.

Ita kuma waya ko wacce iri ce in ka shiga tsakanin dogayen benaye ko ƙarƙashin ƙasa kibiyar takan ruɗe, kana fuskantar kudu tana ce maka arewa, ga caji yana zuba kamar ruwa sabida allo a kunne yini guda. Anan takarda take da rana. Bance ka dinga yawo da ita a buɗe a tsakiyar titi ba, wannan tallan kai ne ga 'yan damfara, a ɗaki zaka shimfiɗa ta a kan gado daren farko ka kalli garin gaba ɗayansa, abinda ƙaramin allon waya ba zai taɓa baka ba dan shi taku goma na gabanka kawai yake nuna maka. Yadda ɗan Kano in ya hango Dala da Goron Dutse ya san inda yake, to can ma ka nemi naka alamomin, kogin Pearl ya ratsa garin, dutsen Baiyun yana arewa, dogon hasumiyar nan Canton Tower mai kusan mita 600 tana gaɓar kogin ta kudu. Sunayen titunansu ma suna faɗa maka jiha in ka riƙe kalmomi kaɗan, bei arewa, nan kudu, dong gabas, xi yamma, zhong tsakiya, lu kuma titi. Titi ɗaya ne zaka ji Huanshi Xi Lu, Huanshi Zhong Lu, Huanshi Dong Lu, wanda bai sani ba sai ya ɗauka tituna uku ne daban. Ita kanta Xiaobei sunan ƙaramar ƙofar arewa ce ta tsohuwar ganuwar birnin, kamar yadda muke cewa Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Mata. Ka sa biro ka zagaye inda ka sauka, da tashar Sanyuanli a layi na 2, da tashar Pazhou a layi na 8 in zaka leƙa Canton Fair, babban baje kolin kayan garin. Kuma duk wanda zai maka kwatance ka tambaye shi harafin ƙofar fita daga tasha, A ce ko B ko D, dan tasha ɗaya zaka fita ta wata ƙofar ka tsinci kanka a tsallaken babban titin da ba'a ƙetarawa sai ta gada.

Sai abinda yafi damuna, sallah. Mu nan mun saba alƙibla gabas ce har mukan ce wane baya kallon gabas, to a Guangzhou alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Na ga yaranmu da idona sun tada sallah suna kallon mafitar rana sabida sabo. Manhajar alƙibla ta waya tana taimakawa amma ƙarfen gini yana ruɗa ta a cikin ɗaki, dan haka ka tambayi mai masaukinka ranar farko, in kaje masallaci kuma ka lura da kyau. Akwai masallacin Huaisheng a titin Guangta, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar baki ɗaya, akwai kuma na kusa da lambun Yuexiu inda mutanen can ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ranar Juma'a anan zaka ga 'yan uwa daga ko'ina.

Tambayar hanya kuwa ba abin kunya bane, matambayi baya ɓata, amma tana da ladabinta. Ka fara gaisuwa ko da nihao ɗin ne kawai, ka tambayi wanda ke zaune a shagonsa ko ma'aikacin tasha mai kaki, ba wanda ya taso da kansa yazo yana maka tayin taimako ba, ka nuna rubutun Chaina maimakon ka dinga maimaita sunan da ƙarfi, in abin da nisa ka sake tambayar mutum na biyu. Shi kuma mai masauki haƙƙinsa a kanka shine duk safiya ka faɗa masa kasuwar da ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa, in ka canza shawara ka aika masa, kar kayi ciniki babba a bayan idonsa a zuwan farko, in ya haɗa ka da mai kaya ka bashi la'adarsa ba tare da ya buɗe baki ya nema ba. In a gidansa zaka kwana ba otal ba, dokarsu tace ayi maka rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, shi ya san ofishin, ka ce ya raka ka, fasfonka kuma kullum yana jikinka.

Na riga nayi magana da ɗan wancan mai masaukin nawa, shi ke riƙe da harkar yanzu, yace zai tare ka a filin jirgi. Ka biyo ta gida ranar Juma'a bayan masallaci in baka lambarsa ka rubuta da hannunka, in baka tsohuwar taswirata ma ka gani duk da layukan jirgin sun ƙaru sosai sai ka karɓi sabuwa a can. Tsarabar da zaka kai masa ka nemi hula mai kyau da turare, kar ka ɗauki kilishi, basa barin nama ya shiga ƙasar za'a ƙwace a kwastan. Ka gaida babanka da innarka, kace mata ta kwantar da hankalinta.