Batun Batir da Fitila a Motar da Ake Sa Wa Caji

Yaro, ka tambaye ni ko rage fitila da dare yana ƙara wa motar da ke haɗa fetur da caji nisan tafiya, tun da wani direba ya gaya maka haka. Wannan magana ta wanda bai taɓa buɗe irin motar ba ce, kuma da yaran yanzu kuna sa ido a kan aiki kamar yadda kuke sa shi a kan waya, da ba ka kawo mini ita ba.

Batir biyu ne a cikinta. Babban shi ke tura motar. A Prius Prime ta 2017 yana ɗaukar kilowat-awa 8.8, ya kai ta kusan kilomita 40. Ƙaramin mai bolt 12 shi ke riƙe da fitilu da kwamfuta, kuma konbata, wato na'urar da ke rage ƙarfin wuta, ce ke ciyar da shi daga babban muddin allo ya nuna READY, alamar motar a kunne take. Ƙwayayen fitila biyu masu wat 55 ba su cin wutar tafiyar kilomita ɗaya ko sun yi awa guda a kunne, balle na LED. Na'urar sanyi da kuma taka totur su ke shanye caji.

Konbatar nan ce ta jawo mini asarar da har yau take ci mini rai. Wani Alhaji ya kawo mini motarsa gab da Sallah, na duba ta sarai, na sallame shi lafiya lau. Ashe daga nan ya kai wa wani mai gyara a bakin titi, aka ɗora masa doguwar fitila irin ta manyan motoci, aka yanka waya aka jona ba fis, sannan ya yi amfani da motar ya tayar da wata bas da batirinta ya mutu, abin da masu ƙera ta suka hana. Da dare, kusa da Mashi a kan hanyar Daura, komai ya ɗauke masa, da iyalinsa a ciki. Kafin a jawo motar Katsina ya sa an cire fitilar, ya zo ya tara mini jama'a a gareji yana rantsuwa cewa hannuna ne na ƙarshe a kanta. Na nuna wa dattawa sawun salatif da ramukan ƙusa a gaban motar, suka ce in yi haƙuri domin mutum ne mai daraja. Kuɗin da na tara don rufin ɗakina na zuba na sayo wata konbata daga Kano, yaron gidansa kuma ya faɗa mini gaskiya bayan an gama. Bai taɓa dawowa ya ce in yafe masa ba.

Saboda haka duk wanda ya ce haskensa ya yi rauni, ka fara bin wayoyi ka ga ko baƙon hannu ya shiga, ka auna ƙaramin batir, kada kuma ka kusanci wayoyin nan masu launin lemo, domin wutar cikinsu ta haura bolt 300. Goge gilashin fitila da saita ta ba sai na koya maka ba. Ka gaya wa direban nan cewa in zai tsaya da fitila a kunne ya bar motar a READY, in kuma hazon hunturu ya sauka ya bar ful ya koma dim, domin ƙura tana maido da hasken cikin idonsa, ba zai hangi shanu ko babur marar fitila ba sai ya iso kansu.