Shin akwai siyasa a labaran dodanni da sihiri?

Ka tambaya ko da gaske akwai siyasa a labaran dodanni da sihiri da wasannin da ake ginawa a kansu, ko dai masu sharhi ne ke neman magana. Akwai kam, ɗan'uwa, sai dai ba ta jam'iyya ba ce. Tana ɓoye cikin abin da labarin ya ɗauka daidai ne ba tare da ya faɗa ba.

Duba littafin The Lord of the Rings na Tolkien, da ya fito a 1954 da 1955. A cikin labarin, masarautar Gondor ba ta zauna lafiya ba sai da Aragorn, mai jinin sarauta, ya hau karaga. An dai tambayi jama'a ranar naɗinsa, suka amince, amma jininsa ne ya ba shi haƙƙin sarautar.

A wasa abin ya fi fitowa fili, domin ƙa'ida ce ke magana. A Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson, wasan da kowa ke taka rawar wani jarumi, wanda ya fito a 1974, ƙa'idar farko ita ce duk zinaren da ka kwaso daga kogo ya ƙara maka makin ƙwarewa. Wato ka faɗa gidan wasu, ka karkashe masu gida, ka wawashe dukiya, sannan a ƙara maka girma. Su orc ma, wato wasu dodanni masu siffar mutane da ake yaƙa a wasan, an rubuta a littattafan wasan da suka biyo baya cewa mugaye ne, don haka babu alhaki. To, wannan ai tunanin ɗan mamaya ne, ko da 'yan wasan nishaɗi kawai suke nema.

A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan, ya ce zai sauya yadda ake nuna orc da drow (wasu halittun wasan masu zama a ƙarƙashin ƙasa), su zama masu zaɓin halinsu kamar kowa. Wasu 'yan wasa suka yi ca, wai an cusa siyasa, alhali tsohuwar ƙa'idar ma siyasa ce, sabawa kawai suka yi da ita.