Harawar da Ka Daina Saye Ce Ke Cinye Maka Jari

Wani mai kiwon zomaye daga Zariya ya rubuto cewa ɗan'uwansa ya ba shi shawara ya daina sayen harawa, ya koma abincin kaji da tsakin masara don 'ya'yan su yi ƙiba da wuri. Yanzu cikinsu na kumbura, suna kashi mai yauƙi kamar majina, suna mutuwa. Yana tambaya ko ya ci bashi ya sayi magani da sabbin zomaye.

Malam, kada ka ci bashin nan. Ɗan'uwan naka ya taɓa kiwon zomo? Ka ɗauki jarinka ka ɗora a kan maganar wanda ko sisi bai zuba ba.

Hanjin zomo da busasshiyar ciyawa yake tafiya. In ka janye ta ka cika masa ciki da hatsi, sai hanjin ya tsaya, abinci ya daskare a ciki, babban hanji ya yi ta zubo majina. Shi ya sa in ka ɗaga zomon za ka ji ruwa na kaɗawa a cikinsa, yana cizon haƙora, ya ƙi ci. Ciwon ya fi kama 'ya'yan da aka yaye ba da daɗewa ba, wato ainihin hajar da kake shirin kaiwa kasuwa. Ko a Faransa, da irinsa ya ɓarke wajen 1997, manyan gonaki sun tafka asara.

Na san wani da ya yi irin taka. Ya ƙara da zuba musu amoxicillin a ruwan sha, maganin da shi kansa yake kashe zomo. Waɗanda ciwon ya bari, maganin ya ƙarasa su, bashi kuma na nan.

Zomanya wata ɗaya take ɗaukar ciki, shi ne ke ruɗar mutane su zauna suna lissafin miliyoyi a takarda. Ni lissafina ɗaya ne: cikin goma da aka yaye, nawa suka kai kasuwa? In huɗu sun mutu, ribar ta tafi, komai arhar abincin.

Yau ɗin nan ka dawo da harawa, ka rage hatsi a hankali, ka ware marasa lafiya. Ka kai wa likitan dabbobi gawa ɗaya ya buɗe ya duba, don akwai wasu cututtukan hanji masu kama da wannan. Sabon zomo kuwa, kada ya shigo gidanka sai ka yi wata guda ba ka fitar da mushe ba.