Amsa: Me ya haɗa maganin hawan jini da asma?

Ƴar'uwa, kin tambayi dalilin da likita ya hana Baba propranolol da ya ji yana da asma, alhali maƙwabcinsa a Tudun Wada shi yake sha don hawan jini. Likitan ya yi daidai.

A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai wuraren karɓar saƙo, kamar kwaɗo da makullinsa. Adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tsoro ko tashin hankali, shi ne makullin. Idan ya shiga, zuciya ta ƙara gudu da ƙarfi. A 1948 Raymond Ahlquist, ɗan Amurka, ya nuna cewa waɗannan wuraren iri biyu ne, alfa da beta, amma ba a kula shi sosai ba a lokacin. James Black, likita ɗan Sikotlan, shi ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ya ce maimakon a ƙara wa zuciya jini, me zai hana a toshe beta don zuciyar ta huta? Daga nan propranolol ya fito a shekarun 1960, kuma Black ya samu kyautar Nobel a 1988.

To ga inda gizo ke saƙar. Beta ma kashi-kashi ce: beta-1 ta fi yawa a zuciya, beta-2 a hanyoyin numfashi, inda take taimaka musu su buɗe. Propranolol ba ya bambance su, duka yake toshewa, sai ƙirjin mai asma ya shaƙe har ki ji numfashinsa na fito.

Don Allah kada a je kemis a saya masa don maƙwabci ya ji daɗinsa. Shi kuma maƙwabcin, kada ya yanke sha rana ɗaya ba da sanin likita ba.