Yaya malaman falsafa da tauhidi na da suka ɗauki dabbobi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin likitancin dabbobi ne. An ce mana mutanen zamanin da can ba su ɗauki dabba a bakin komai ba face dukiya da abin hawa, kuma sai a wannan zamanin aka fara tunanin ko tana da hankali ko tana jin zafi. Shin haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan magana ba ta yi wa magabata adalci ba, domin tsakanin ƙarni na 9 da na 14 na Miladiyya malaman Musulmi da na Yahudu da na Kirista sun yi doguwar muhawara a kan dabba. Gaskiya ne mafi yawansu sun ce hankali mai gane hujja na ɗan Adam ne kaɗai, amma duk wanda ya zura wa dabba ido a cikinsu sai da ya ga wannan iyakar tana ba shi wahala.

Tushen karatun shi ne littattafan Aristotul na ƙasar Girka a kan dabbobi, waɗanda aka fassara zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, aka haɗa su babi 19 da sunan Kitabul Hayawan. Daga wannan Larabcin ne Michael Scot ya mayar da su Latinanci a birnin Toledo wajen shekarar 1220, sannan suka shiga jami'o'in Turai. Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen 868, ya rubuta nasa littafin da wannan suna, yana kawo maganar Aristotul, yana auna ta da abin da makiyaya da maharba da mawaƙan Larabawa suka gani da idonsu. Ya tsaya a kan tururuwa, yadda take tara hatsi, ta fasa ƙwayar don kada ta tsira a cikin rami, idan kuma damshi ya taɓa ta sai ta fito da ita ta shanya. A wurinsa wannan ƙaramar halitta hujja ce a kan hikimar Mahalicci, ba ta gaza giwa ba.

Inda maganar ta yi zurfi, a ganina, shi ne wurin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Ya ɗauki misalin tunkiya da ta hango kyarkeci. Idonta launi da siffa kawai yake gani, kunnenta sauti kawai yake ji, ƙiyayya kuwa ba ta da launi ba ta da sauti, to da me ta gane cewa wannan maƙiyi ne har ta zura a guje, alhali idan ɗanta ne ya matso sai ta tsaya ta shayar da shi? Ibn Sina ya ce lalle akwai wani ƙarfi na ciki, bayan gani da ji da sauransu, wanda ya kira wahami, mai riskar ma'anar da ke tattare da abin da aka gani, kamar cutarwa ko amfani. Duk makiyayin da ya taɓa ganin garkensa ya firgita da dare tun kafin shi ya ji motsin kura ya san abin da ake nufi. Da wannan bayani Ibn Sina ya ba dabba fahimta ta gaske, tare da tunawa da koyo daga abin da ya taɓa samun ta, ba tare da ya ba ta hankalin da ke gane ƙa'idoji gamammu ba. Tomas Akwinas, babban malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya karɓi wannan misalin na tunkiya da kyarkeci kusan yadda yake. Sai dai da ya zo kan zaluntar dabba, ya ce an hana ne don kada mutum ya saba da mugunta har ya kai ta kan 'yan'uwansa mutane, ko ya ɓata dukiyar wani. Ina ganin nan hujjarsa ta yi rauni, domin ta mayar da zafin da dabbar ke ji kamar ba shi ne abin dubawa ba.

Malaman tauhidi na Musulunci kuwa ta ƙofar zafin suka shigo. Dabba ba ta da zunubi, ba a kuma ɗora mata shari'a ba, amma tana ciwo, ana yanka ta. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar da ya rasu a 1025, suka ce adalcin Allah yana hukunta a saka mata da wani alheri da zai rinjayi wahalar da ta sha. Ash'ariyawa suka ƙi, Imam Gazali ya bayyana cewa babu abin da yake wajibi a kan Allah, kuma zalunci shi ne taɓa mallakar wani, alhali kome mallakarsa ne. Kowane ɓangare yana riƙe da aya ta 38 ta Suratul An'am, wadda ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu, da hadisin da Muslim ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Abin lura shi ne babu ɗayansu da ya musanta cewa dabbar tana jin zafin.

A ƙarni na 10 Ikhwanus Safa na Basra, wata ƙungiyar masana falsafa, sun tsara labari inda suka sa dabbobi sun kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu, a risalarsu ta 22. Alfadari ne ya fara magana da yawun dabbobin gida, jaki da rago da raƙumi suka faɗi dukan da suke sha da nauyin kaya da raba su da 'ya'yansu. Da mutum ya yi alfahari da tufafinsa da abincinsa, aka tuna masa cewa ulu na tunkiya ne, siliki na tsutsa, zuma ta ƙudan zuma. Bai yi nasara ba sai da ya kafa hujja da rayuwar lahira da kuma bayin Allah na gari da ke cikin jinsinsa. An fassara wannan risala zuwa Ibrananci a 1316.

Malaman fiƙihu ba su jira a gama wannan muhawara ba. Izzuddin ibn Abdis Salam, wanda ya rasu a Masar a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita: ya ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba ta da sauran amfani, kada ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba, kada ya haɗa ta da wadda za ta tunkuye ta ko ta ji mata rauni, ya kyautata yanka idan zai yanka, kuma kada ya yanka ɗanta tana kallo.